Buhu na Biyu

Duk wanda ke zaune a benen nan ya san Uwar Ulu, in bai san fuskarta ba ya san warin tukunyarta. A hawa na can sama suke ita da mijinta, kuma duk ranar da ta ɗora rini, warin bawon albasa da ruwan tsatsa sai ya biyo matattakala ya sauko har bakin titi. Ba sana'arta ba ce, kada wani ya ce. Aikin buga takardu ta yi a ofis har ta yi ritaya, 'yarsu ɗaya tilo ta yi aure ta bi miji wani gari, hannu ya rasa abin yi. Da saƙa ta fara, da ulun kanti irin na kowa. Ba a jima ba ta ce ulun kanti roba ce zalla, ta nemi mazari ta koyi kaɗa gashin tunkiya da kanta. Da ta iya kaɗi sai ta ce ai farin zare bai cika zare ba, ta faɗa rini. Masu irin wannan ciwon ba sa warkewa, gaba yake ci kullum.

Mijin kuwa Direba ake ce masa, ko da yake rabonsa da sitiyarin bas tun gemunsa bai gama fari ba. Ƙato ne mai sanyin magana, ga tsokana kamar gadonta ya yi. In maƙwabta suka tambaye shi me yake yi yanzu, sai ya ce, "Da ni ke tuƙi, yanzu na koma karen motar Hajiya." Gaskiyarsa ce kuwa, don shi ke yin aikin ƙazantar. In an kawo ɗanyen gashi, shi zai shimfiɗa tsohon zanin gado a ɗakin 'yarsu, wanda ya zama ɗakin ulu, ya baza gashin ya yi ta dukansa da sanda har ƙura ta fita, sannan ya zauna ya tsince ƙaya da ciyawa da busasshen kashi. Sai ya gama ita kuma ta wanke, ta taje, ta kaɗa. Yakan yi mita, amma ranar da babu gashin da zai duka sai ka gan shi yana zagaya falo kamar wanda ya ɓatar da makulli.

Tana da ƙane, wanda har ya yi furfura ana ce masa Auta. Babbar mota yake ja, yana kwasar dabbobi daga gonaki zuwa kasuwanni. Shi ya hawo wata rana yana haki, buhu a kowace kafaɗa.

"Yaya, ga tsarabarki. Wani mai gona ne ya ce in kwashe, wai zubarwa zai yi."

Ta kwance bakin buhu ta sa hannu. Tunda take ba ta taɓa taɓa gashi irin wannan ba. Dogo ne, launin toka, laushi kamar kan jariri, in ta ja shi sai ya biyo hannu ba gardama. Ba ta tsaya tambayar abin da zai sa mai gona ya zubar da irin wannan ba. Ko ta tambaya ma, a lokacin Auta bai sani ba.

Direba ya duke buhun farko, ta wanke ta kaɗa, ta rina da bawon rumman da ganyen shayi da ruwan tsofaffin ƙusoshi. Shekara da shekaru tana neman wani baƙi mai ɗan kore a ciki, kullum sai ya fito mata kamar ruwan wanki. Wannan karon ya kama. Ta ɗaga zaren a rana ta yi ta kallo har idonta ya kawo ruwa, nan take ta yanke shawarar suwaita za ta saƙa wa Direba. Kunya ma ta ishe ta. Jikoki sun samu, maƙwabta sun samu, har mai gadin bene yana da hularsa, amma mutumin da ke shaƙar ƙurar ko safa bai taɓa samu ba.

"Ashe layi zai zo kaina," in ji shi, ranar da take gwada shi da awo. "Ki auna da kyau, tumbin nan ba ya komawa baya."

Ta gama gaban rigar, ta gama bayanta, ta gama hannu ɗaya. Nan zare ya ƙare. Bai dame ta ba, tunda ga buhu na biyu jingine a bayan ƙofa, ko kwance shi ba a yi ba.

Tana baranda tana shanya da hantsi wayarta ta yi ƙara. Auta ne, amma ba da muryarsa ta wasa ba.

"Yaya, gashin nan da na kawo miki, da saura?"

"Buhu ɗaya. Ka samo mini wani ne?"

"Ki fitar da shi daga gidan. Kada ma ki zubar inda wani zai ɗauka, ki sa a ƙone."

Ya ce tumakin gonar mutuwa suke yi farat ɗaya, da safe suna kiwo lafiya, kafin rana ta yi tsaka sun faɗi jini yana fita ta hanci. Gashin nan daga jikin matattun aka aske shi. Jami'an dabbobi sun zo sun rufe gonar, sun ce ciwon saifa ne, kuma yana kama mutum, ta fata ko ta ƙurar da aka shaƙa. Mutumin da ya yi askin yana kwance a asibiti.

Gabanta ya faɗi, amma bakinta ya ce, "Ai mun riga mun gama da buhu ɗaya, ga mu lafiya lau."

"Allah ne ya tsare ku. Ki dai ƙone na biyun. Kin ji, Yaya?"

"Na ji."

Ta ji ɗin kuwa, kada a zalunce ta. Direba ya fita wajen abokan hirarsa, ta jawo buhun ta fara sauka da shi, da niyyar ba mai gadi ya kai bayan gari ya cinna masa wuta. A tsakiyar matattakala ta ajiye don ta huta, nan ne tunani ya same ta. Akwai abin da wanda ba ya rini ba zai gane ba: kowane gashi da yadda yake shan rini. Ko tukunya ɗaya aka jefa su, gashin wata tunkiyar ba zai fito da launin wannan ba. In ta ƙone buhun nan, suwaitar ta zama mai hannu ɗaya ke nan, ko kuma hannu ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa, abin da mai ido zai hango tun daga tsallaken titi. To me ma take buƙata? Ɗan abin da zai isa hannu ɗaya kawai. Za ta sa safar roba, ta rufe hanci, ta jiƙa gashin tun kafin ta taɓa shi don kada ƙura ta tashi, ta tafasa shi tafasar gaske. Wane ciwo ne zai shiga tafasasshen ruwa ya fito? Sauran kuma ta ƙone. Dabara dai ta zo mata cif, ba ta bar ko ƙofa ɗaya ba.

Ta koma da buhun sama, ta tura shi bayan kwalayen zare ta yafa masa tsohon labule. Direba kuwa ba ta gaya masa komai ba, don ta san halinsa. Mutum ne da bai taɓa tsallake jar danja ba ko da titi babu kowa. Yana ji zai saɓa buhun a kafaɗa ya yi waje da shi, ko ta yi kuka ko ta yi rantsuwa.

Washegari da safe ta fita sayen safar roba da takunkumin hanci. Kemis ɗin kusa ba su da su, sai da ta shiga kasuwa, ta tsaya kuma ta sayi alif na rini da lemon tsami. Rana ta ɗaga sosai kafin ta dawo. Tun daga ƙasan matattakala ta fara jin ƙarar, tim, tim, tim, a hankali, irin dukan mutumin da ya san aikinsa. Ta tsaya cak. Sai ta saki ledar hannunta ta hau da gudu, ita da ko sauri ta manta yadda ake yi.

Ƙofar ɗakin ulu a rufe take, don kada ƙura ta shiga mata falo ta yi faɗa. Tagar ɗakin ƙarama ce, kuma ta daɗe da cijewa. Da ta tura ƙofar, hasken rana ya ratso ta gilashi ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ƙura tana yawo a cikinsa ta cika ko'ina. Direba yana durƙushe daga shi sai singileti, gashin buhu na biyu a baje gabansa gaba ɗaya, girarsa da gemunsa sun yi furu-furu. Ya yi atishawa, ya washe baki.

"Wato ɓoye mini aiki kika fara yi? Na gano shi. Na ce bari in duke miki kafin ki dawo, in ga ko za a gama rigar nan ina raye."

"Fito!" Ba ta san ta iya irin wannan tsawar ba. "Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa? Fito na ce!"

Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Tun aurensu ba ta taɓa ɗaga masa murya haka ba. Ya miƙe ya jingine sandar, ya wuce ta ya nufi banɗaki. Ta bi shi har ƙofar banɗaki tana cewa ya wanke hanci, ya kurkure baki, ya cuɗa da sabulu sosai. Ya juyo ya dube ta.

"Lafiya dai, Hajiya? Yau na fara cin ƙura?"

Nan ne wurin faɗa. Maganar ta zo har bakinta, ta ga yadda zai dube ta in ya ji, ta haɗiye. Ta ce, "Wannan ya fi ƙazanta ne kawai."

Kwanaki suka wuce, babu abin da ya faru. Direba yana ci yana sha yana tsokana, fushin ma bai kwana da shi ba. Da fari duk motsin da ya yi sai ta bi shi da ido, in ya yi gyaran murya gabanta ya faɗi. A hankali tsoron ya kwanta. Ta ce wa kanta Auta dama akwai zuzuta magana. Ta sa safarta ta jiƙa gashin da ya duke ta tafasa, ta kaɗa, ta ɗora tukunyar rini. Direba ne ya sauke mata tukunyar, shi ya matse zaren, yana cewa safar roba ta likitoci ce. Ita ma ta cire tata a wajen rini, su biyun suka wuni da baƙaƙen hannuwa kamar masu gyaran mota. Launin ya fito daidai da na farko, ko ita ba ta iya bambanta su.

A wuyan hannunsa na dama abin ya fara. Ɗan ƙurji ne kamar cizon sauro, yana susa yana cewa sauron benen nan ya fi na ko'ina rashin kunya. Ya ɗuri ruwa, ya fashe, sannan tsakiyarsa ya yi baƙi ƙirin. A wani gidan da tuni an firgita. A gidan masu rini kuwa baƙi a hannu ba labari ba ne, da shi suke kwana da shi suke tashi.

"Rininki ne ya shiga inda na sosa," in ji shi. "Kin ga ya kama ni fiye da yadda ya kama zaren."

Ta yanka lemon tsami ta zaunar da shi, ta riƙe hannun tana gogawa. Rinin da ke yatsunsa ya fara dusashewa, na tafin hannu ya bi, na gefen ƙurjin ma ya fita. Baƙin tsakiyar nan kuwa ko gezau. Ya ɗan lotsa ciki, busasshe, gefensa ya kumbura ya yi sheƙi, har agogonsa ya daina ɗauruwa.

"Da zafi?"

Ya danna wurin da babban yatsa, da ƙarfi, don ta gani. "Ko alama. Ciwon da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne."

Ta so ƙwarai ta yarda. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta kira Auta, ta yi ta jan gaisuwa, ta tambayi matarsa da yara da mota, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Mutumin nan mai aski fa, ya samu sauƙi?"

"Ai an binne shi, Yaya. Har sun ce ya ji sauƙi ya tashi zaune, sai kuma abin ya juyo. Kin dai ƙone buhun ko?"

"Na ƙone."

Ta ajiye wayar, ta zauna a kan bokitin da ke kife. Daga nan ta ji famfon banɗaki yana zuba. Ya daɗe yana zuba, Direba kuwa ba ya ɓarnar ruwa, shi ke yi mata faɗa a kai. Ta taso ta tsaya a bakin ƙofar ta kasa kunne. A ƙarƙashin ƙarar ruwan tari yake yi, busasshe, a danne, irin na wanda ya toshe baki da tawul. Da ya fito goshinsa ya jiƙe da gumi, ya dafa bango yana murmushi.

"Mura ce ke son kama ni. Ki dafa mini shayi ki daina yi mini wannan kallon."

Ba ta dafa shayin ba. Ta riƙe hannunsa ta kai shi kujera, ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa duka: wayar Auta, tumakin, matattakala, labulen da ta yafa, mutumin da aka binne. Tana faɗa tana kuka, ba ta rage komai ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta so ya yi faɗa, ta so ya zage ta ma. Ya daɗe yana kallon baƙin da ke hannunsa, numfashinsa yana fita gajere-gajere.

"Saboda hannun riga," ya ce a hankali.

"Saboda hannun riga."

Ya gyaɗa kai. "Ɗauko mini takalmina."

Sauka daga benen ya zama aiki. Mutumin da yake hawa da buhu a ka, yau sai da ya tsaya a kowane hawa yana riƙe ƙarfe. Mai gadi ya tsayar musu da tasi. A hanya Direba ya ce wa mai tasin ya daina taka birki haka, yana lalata mota.

Likitar da ta gan su yarinya ce, ba za ta girmi 'yarsu ba. Tana dariya tana tsokanar Direba da Baba, har ya miƙa mata hannun. Ta duba, ta sake dubawa, dariyar ta tsaya. Ta ja baya ta sa safa da takunkumi, ta sa masa abin sauraron ƙirji ta daɗe tana ji. Sannan ta fara tambaya, Uwar Ulu tana amsawa: gashin tunkiya, ɗanye, a rufaffen ɗaki, da sanda.

"Na hannun nan muna da maganinsa," in ji likitar. "Na ƙirjin ne ba na so, shi ba ya jira. Kun san dabbar mutuwa ta yi kafin ya duki gashin?"

Uwar Ulu ta buɗe baki, Direba ya riga ta.

"Mun sani. Ƙanenta ya bugo ya faɗa, ita kuma ta ce in kai a ƙone. Ni na ɓoye buhun. Na ga gashin ya yi kyau, na ce tsoro ne irin na yaran yanzu."

Likitar ta girgiza kai. "Haba Baba."

"Tsufa ne, 'yata."

Uwar Ulu ta juyo za ta ƙaryata shi, ya matse yatsunta da hannunsa mai lafiya har sai da ta ji zafi. Kafin ta sake samun baki an kawo gadon turawa, an sa masa robar iska a hanci, an yi ciki da shi. Ita aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta fara sha tun yanzu, aka tambayi sunan ƙanenta da duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ulu. Ta kira 'yarsu ta ce Babanta ba lafiya, ta taho.

Da gari ya waye ta tarar da shi zaune a kan gado, zazzaɓin ya sauka, har yana gardama da nas a kan shayin asibiti. Wani zai yi murna. Ita kuwa jikinta ya yi sanyi, don ta san labarin mai askin da ya tashi zaune. Shi ma ya sani, tunda ita ta faɗa masa. Da nas ɗin ta fita ya yafito ta.

"Uwata ta taso?" Haka yake kiran 'yarsu.

"Tana hanya."

"Mun yi waya ɗazu, na gaya mata abin da na gaya wa likita. Ke ma shi za ki faɗa."

"Ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba. Ka bar ni in ɗauki abina."

"Ki ɗauka ki kai ina?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni in ta ji haushina, na kwana biyu ne. Ke ce za ta ci gaba da gani. Ke ce za ta kawo wa yara hutu. Uwa ɗaya gare ta, Hajiya, kada ki ɓata mini aiki."

Ta kifa kai a gefen katifar. Ya ɗora mata hannu a ka ya ce ta tashi ta je gida, an ce ma'aikatan lafiya za su zo kwashe kayan, kada su tarar da ƙofa a rufe su ɓalla masa ƙyaure.

Ta je. Mutum uku suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, maƙwabta suka fito bakin ƙofofi suna leƙe. Ba su bar komai ba a ɗakin. Mazari, matajin ƙarfe, tukwanen rini, kwalayen zare na shekaru, zanin gadon, sandar, labulen, duk suka shiga jajayen ledoji aka ɗaure. Ɗayansu ya ɗago suwaitar da tsinken saƙa a jikinta, saura kaɗan hannun rigar ya kai wuyan hannu. Ya ce, "Mama, har wannan fa." Yana jira ta roƙa, don ya ga aikin da aka zuba. Ba ta roƙa ba, ko kallonta ba ta son yi. Ta ce ya sa a ƙasa, ya ɗora sauran a kai.

Suna cikin fesa magani wayarta ta yi ƙara. Nas ce, ta ce ta zo yanzu.

Ta tarar an canja masa ɗaki. Wuyansa da ƙirjinsa sun kumbura, leɓunansa sun yi duhu, na'ura ce ke tura masa iska. Aka sa mata riga da safa kafin a bar ta ta matsa. Ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba, bai buɗe ido ba. Likitar ta ce suna yin iya ƙoƙarinsu, ta faɗa tana kallon ƙasa. Uwar Ulu ta zauna ta riƙe hannunsa ta cikin safar roba, tana bin ƙirjinsa da ido yana hawa yana sauka. Rana ta karkata ta shigo ta tagar ɗakin. Kafin hasken ya bar jikin bango, Direba ya cika.

'Yarsu ta iso ba da jimawa ba, jakarta a kafaɗa, ƙurar hanya a ƙafa. Tun daga nesa ta ga uwar zaune a benci a bakin ɗakin, hannu biyu a cinya, ta gane. Ta saki jakar ta faɗa jikinta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan kukan ya juye ya zama faɗa, kamar yadda yakan yi wa wanda bai samu ganawa ba.

"Me ya sa, Mama? Me ya sa Baba zai yi mana haka? Kin ce ya ƙone, Kawu ya ce a ƙone, ya je ya ɓoye kamar ƙaramin yaro! A kan gashin tunkiya! Da ke ma ya kashe ki fa. Da na rasa ku duka saboda taurin kansa!"

Uwar Ulu ta ji kowace kalma ta shige ta. Ta dubi ƙofar ɗakin, inda nas biyu suke ja masa farin zani. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa taurin kai ba yana kwance can, ba shi da bakin kare kansa, kuma shi ya hana a kare shi.

'Yar ta ɗago, idanu jajur, tana girgiza ta. "Ki ce wani abu mana, Mama. Me ya sa bai ji maganarki ba?"

Ta sa gefen mayafi ta share wa yarinyar fuska.

"Haka Babanki yake," ta ce. "Ba ya jin magana."

Sannan ta sunkuya ta ɗauki jakar da ke ƙasa, ta riƙe 'yar suka shiga su gan shi.